Baƙin tabo a ganɗa: yadda aka yi mini tiyatar melanoma

Shekara 27 na yi ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, kuma babu shekarar da ban zana kan mutum a allo ba don in nuna wa yara gaɓoɓin furuci: leɓe, hanƙa, ganɗa, hanɗa. Nakan ce kowa ya ɗaga harshensa ya taɓa rufin bakinsa, wurin nan mai tauri, in ce musu ita ce ganɗa. A kan tawa ganɗar ciwon ya fito, ta ɓangaren hagu, dab da turamen haƙoran sama.

Da harshe na fara jin sa. Wuri ne da ya ɗan yi kaushi, kamar an manna ɓawon gyaɗa. Bayan 'yan makonni sai na fara ganin jini kaɗan a jikin asuwaki in na yi goge da asuba. Wata rana na ɗauki madubin uwargida, na kunna fitilar waya, na wage baki. Baƙin tabo ne kamar an ɗiga tawada ta bazu, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, gefensa ba daidai ba, wani wurin baƙi wuluk, wani wurin ruwan ƙasa. Na ce goro ne. Ina cin goro tun ina saurayi, kuma dasashina dama mai duhu ne tun haihuwa, kamar na yawancinmu. Ga shi ba ya zafi ko kaɗan. Mu kuwa abin da ba ya zafi ba ma kai shi asibiti. Na je kemis aka ba ni maganin kurkure baki, na yi ta kurkura har kwalba uku.

Wata biyar na ɗauka a haka. Abin da ya kai ni asibiti ma ba tabon ba ne, haƙori ne da ya fara girgiɗi a kusa da shi. Na je a cire mini in huta. Likitar haƙorin yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta haska fitila, ta daɗe tana dubawa, ta sa yatsa ta lalubi ƙarƙashin muƙamuƙina da wuyana, sannan ta ajiye kayan aikinta ta ce, "Baba, ba zan cire haƙorin nan yau ba. Tun yaushe wannan baƙin yake nan?" Da na faɗa mata, ba ta yi mini faɗa ba. Takarda ta rubuta zuwa sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin koyarwa, ta ce in don Allah ne kada takardar ta kwana uku a aljihuna. Har gobe ina yi wa yarinyar nan addu'a. Da ta cire haƙorin ta sallame ni, da na koma gida na ƙara wasu watannin.

A asibitin koyarwa abu na farko shi ne yankar tsoka a kai gwaji. Aka yi mini allurar kashe wurin, wadda ita ce ta fi komai zafi a ranar domin naman ganɗa a manne yake da ƙashi, aka yanki ɗan abu kamar ƙwayar wake, aka jefa cikin kwalba mai ruwan magani, aka ɗinke da zare biyu. Babban ɗana ya kai kwalbar ɗakin gwaji da hannunsa. Aka ce mako biyu. Da muka koma sai aka ce suna son ƙarin gwaji na musamman, wanda ake zuba wa naman wasu sinadarai masu kama launi don a tabbatar da asalin ƙwayoyin. Sunayen suna nan a takardata: S-100, HMB-45, Melan-A. Duka ukun sun kama. Daga baya na fahimci dalilin wannan ƙarin: irin wannan ciwo yakan yi kama da wasu cututtukan daji a ƙarƙashin madubin likita, wani ma ba ya da baƙi sam, fari ne ko ja, sai da waɗannan sinadarai ake gane shi.

Ranar da aka faɗa mini, ni da ɗana ne a gaban babban likita, da ƙananan likitoci biyu a tsaye. Ya tambaye ni ko ina so a yi magana a gaban yaron. Na ce ran wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, "Malam, ciwon daji ne. Sunansa melanoma." Na yi salati. Ɗana ya sunkuyar da kai. Likitan ya yi shiru ya bar mu, bai yi gaggawar ci gaba ba, kuma na ga girmansa a wannan shirun.

Bayanin da ya yi, da wanda na ƙara tattarawa a zuwa na gaba, ga shi kamar yadda na riƙe. A jikin mutum akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne yin launin fata. Idan suka rikice suka shiga hayayyafa ba kan gado, shi ne melanoma. A wajen Turawa yawanci a fata yake fitowa, kuma hasken rana mai ƙarfi ne babban sanadinsa. A wajenmu baƙar fata an fi ganin sa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce. Amma waɗannan ƙwayoyi ba a fatar waje kaɗai suke ba, suna nan a shimfiɗar nan mai danshi ta cikin hanci da baki da sauran kafofin jiki. Wanda ya fito a nan ba ruwansa da rana, kuma ba kasafai ake samun sa ba: cikin kowane melanoma 100, kusan 1 ne kacal. A kai da wuya ya fi fitowa cikin hanci da kogunan da ke kewaye da shi, inda alamarsa ita ce toshewar kafar hanci ɗaya da yawan haɓo. Bayan hanci sai baki, kuma a bakin ma ganɗa da dasashin sama ya fi kamawa. Na tambaye shi ko goro ne ya jawo mini. Ya ce ba shi da hujjar ɗora wa goro laifi.

Na tambayi mataki na nawa yake, domin na san ana cewa na ɗaya, na biyu. Nan ne jikina ya yi sanyi. Ya ce wannan nau'in ba shi da mataki na ɗaya ko na biyu. Tun 2010 tsarin auna girman ciwon daji da likitocin Amurka suka fitar, wanda ake bi a ƙasashe da yawa, ya ware shi daban, kuma ƙidayarsa daga T3, wato mataki na uku, take farawa komai ƙanƙantarsa, saboda an ga ko ƙaramin ma halin babba gare shi. Bai ɓoye mini ba cewa cikin masu wannan ciwo, waɗanda ke kai shekara 5 ba su kai rabi ba. Ya ce amma abin da ya fi ba mutum dama shi ne a cire shi gaba ɗaya tun bai tafi wani wuri ba, don haka sai a duba a gani ko ya tafi.

Mako guda muka yi muna yawon hotuna. Siti sikan na fuska da wuya, na ƙirji, da hoton ciki don duba hanta, saboda huhu da hanta su ne wuraren da ya fi son zuwa. Huhu lafiya, hanta lafiya. A fuska kuwa ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙora, wanda shi ne dalilin girgiɗin. Sannan akwai kaluluwa guda a ƙarƙashin muƙamuƙi ta hagu da ta fi sauran girma.

Kafin a kai ga wuƙar likita sai da na sha gwagwarmaya a gida. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya zo takanas daga ƙauye. Ya ce, "Kai malami ne, amma wannan ba a littafi yake ba. Daji ba ya son ƙarfe. Duk wanda aka taɓa wa shi da allura ko wuƙa, bazuwa yake yi." Ya lissafa mini mutum uku da ya sani waɗanda aka yi wa aiki suka rasu. Ba ƙarya ya yi ba, ni ma na san biyu daga cikinsu. Kuma ƙauna ce ta sa shi magana, har hawaye ya yi. Na ce, "Yaya, waɗannan da ka faɗa, yaushe aka kai su asibiti?" Dukkansu sai da aka shekara ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ciwo ya fashe ya yi wari, sannan aka ɗauke su ranga-ranga. A ganina daga nan wannan magana ta samo asali: muna kai mutum a makare, ya rasu bayan aiki, sai mu ce ƙarfe ne ya kashe shi. Na yi istihara dare uku. Na sha rubutun da Yaya ya kawo, na karɓi addu'arsa hannu biyu, amma maganin shafawa na ce ba zai shiga bakina ba. Da ya ga na tsaya, sai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma shi ne mutum na farko da ya ba da jini.

Zaman da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda likita ya zana mini abin da zai yanka. Ya ɗauki takarda ya zana ganɗa kamar yadda nake zanawa a allo, ya yi ɗigo baƙi, sannan ya kewaye ɗigon da wani da'ira mai faɗi. Na ce, "Likita, ai tabon bai kai haka ba." Ya ce abin da ido ke gani ba shi ne iyakarsa ba. Ciwon yakan yi rarrafe a ƙarƙashin shimfiɗar baki, wani lokaci ma ya tsallake wuri ya ɓulla a gaba. Don haka ana son a bar tazarar lafiyayyen nama kamar santimita 1.5 zuwa 2 ta kowane gefe, kuma a haɗa da ƙashin da ke ƙarƙashi. A baki kuwa santimita 2 ba ƙaramin fili ba ne. Lissafin ya kama haƙora biyar, daga bayan fiƙa zuwa turmin ƙarshe, da kusan rabin ganɗa. Sama da ganɗa kuma babu komai sai hanci da kogon da ke cikin ƙashin kunci. Ma'ana bakina da hancina za su zama ɗaki ɗaya.

Na fi kowa a ɗakin sanin abin da wannan ke nufi ga magana. Na sha gaya wa ɗalibai cewa "m" da "n" 'yan hanci ne saboda iska ta hanci take fita, sauran baƙaƙe kuwa sai an toshe hanyar hanci suke fitowa daidai. Na ce, "To da me zan yi magana?" Ya ce hanya biyu ce. Ko a ɗebo nama da jijiyoyinsa daga hannu ko cinya a dasa a toshe ramin, aikin da ke ɗaukar sa'o'i masu yawa kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Ko kuma a yi mini murfi na roba mai tauri, mai kama da haƙoran roba, wanda ake sawa ana cirewa. Su suna kiran sa obtureta, mu a gida murfi muke cewa. Ya ce ga irin ciwona murfin yana da wata fa'ida: tunda ciwo ne mai son dawowa a inda aka cire shi, in ana iya buɗe wurin a duba da ido, za a gan shi da wuri. Wannan hujja ta gamsar da ni. Game da wuya kuma ya ce za a tsaga a kwashe kaluluwar ɓangaren hagu, daga ƙarƙashin haɓa zuwa tsakiyar wuya, domin na baki ya fi na hanci yawan sauka cikin kaluluwa, ga shi kuma hoto ya nuna guda ta kumbura.

Sauran shirye-shiryen sun zo a jere. Likitan haƙoran roba ya cika wani ɗan faranti da abu mai kama da kullu, ya danna mini a rufin baki har ya daskare, ya cire da siffar ganɗata a jiki, da ita za a ƙera murfin farko tun kafin aiki. Gwajin jini, gwajin zuciya, likitan allurar barci ya duba hawan jinina ya ce in ci gaba da shan magani. Leda uku ta jini aka nema, Yaya da ɗana da wani tsohon ɗalibina suka bayar. Kuɗi kuwa, mun sayar da fili, 'yan uwa da abokan aiki suka yi karo-karo. Aka karanta mini takardar amincewa, har da cewa leɓena na ƙasa zai iya karkacewa, kafaɗata za ta iya yin nauyi, kuma in numfashi ya yi wahala za a iya huda maƙogwaro a sa bututu. Na sa hannu.

Daren aikin ban yi barci sosai ba. An hana ni ci da sha daga tsakar dare. Uwargida tana kan tabarma a gefen gado tana jan carbi. Can wajen ƙarfe uku na ce mata ta matso, na yi mata wasiyya, na faɗa mata bashin da ake bi na da wanda nake bi. Ta ce, "Malam, ka bari." Na ce ba tsoro ba ne, hakki ne. Bayan nan na karanta Fatiha a bayyane, a hankali, ina jin yadda harshena ke taɓa ganɗa, don ban san yadda za ta fito gobe ba.

Da safe aka sa mini rigar tiyata aka tura ni. Abin da na riƙe shi ne sanyin ɗakin, da fitilu, da muryar likitan barci yana cewa, "Baba, yi bisimilla, ka ja numfashi." Shi ke nan. Ɗana ya ce sa'a shida da wani abu suka yi a ƙofa. Ta cikin baki aka yi duk aikin ganɗar, ba a tsaga fuskata ba, domin ciwon bai hau sama can wajen ido ba. An cusa ramin da bandeji mai magani, aka ɗora murfin a kai aka ɗaure shi da waya a jikin haƙoran da suka rage. Ba a kai ga huda maƙogwaro ba.

Na farka da bututu a hanci wanda ya sauka har ciki, da wata roba da ta fito daga wuyana tana zubar da jini-jini cikin 'yar gora, da ƙarin ruwa a hannu. Fuskata ta kumbura har idon hagu ya ƙanƙance. Zafin bai kai yadda na zata ba. Abin da ya fi damu na shi ne ƙishirwa da yawu mai kauri da ba na iya haɗiyewa, sai nas ta zo da na'ura ta zuƙe. Kwana ɗaya na yi a ɗakin kulawa ta musamman aka mai da ni ɗakin maza. Ta bututun hancin nan ake ba ni abinci da sirinji: kunun gyaɗa da aka tace, madara, romo. Magana kuwa sai a rubuce. Ɗana ya kawo mini littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kuma yana nan har yanzu. Shafin farko babu komai sai "ruwa", "ƙarfe nawa", "an yi la'asar?" Da taimama nake salla, a kwance da farko, daga baya a zaune. A kwana na huɗu aka zare robar wuya. Kunnena na hagu ya mutu murus, in na taɓa kamar na wani, kuma leɓena ya ɗan ja gefe in na yi murmushi. Leɓen ya dawo bayan wata uku. Kunnen har yau bai gama dawowa ba.

Kwana na goma ne ranar da ba zan manta ba. Aka kai ni ɗakin likitan haƙori don a kwance waya, a cire murfi, a zaro bandejin. Zarowar tana da zafi da wari, kuma bandejin ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Da aka gama likita ya ce, "Malam, ya jiki?" Na buɗe baki in ce da sauƙi. Abin da ya fito ban gane shi ba. Iska duk ta tsere ta hanci, baƙaƙen sun narke, sai wani gunji kamar mai magana cikin tulu. Na sake gwadawa, haka. Hawaye suka zubo mini, ni da ban yi kuka ba ranar da aka ce daji ne. Likitan ya dafa kafaɗata ya ce in dakata. Ya wanke murfin, ya ƙara masa wani abu mai laushi a gefe, ya mayar ya danna. Ya ce, "Yanzu faɗi." Na ce, "Alhamdu lillahi." Ta fito. Da ɗan sauti na hanci, amma ta fito, kuma uwargida da ke bakin ƙofa ta ji ta gane.

Ya ba ni madubi ya koya mini cirewa da sawa. A nan na fara ganin ramin: ja, mai zurfi, ana hango cikin hanci ta ciki. Ya ce kada in ji tsoronsa, in san shi kamar tafin hannuna. Kurɓar ruwa ta farko ta hanci ta fito. Sai da na koyi ɗaga kai kaɗan, in tura ruwan ta dama, in haɗiye a hankali. Alwala ma sai da na sake koyon ta, domin in na kurkure baki da ƙarfi ruwa yakan haura hanci ya sa ni tari. Kwana 13 na yi aka sallame ni, an cire bututu, ina shan koko da fate da cokali.

Bayan mako uku sakamakon naman da aka cire ya fito. Wannan shi ne ainihin hukuncin aikin, domin a nan ake duba gefe-gefen a ga ko an wuce ciwon. Duk gefen sun fita tsaf, sai na baya wajen hanɗa da tazararsa ta yi ƙaranci. Cikin kaluluwar da aka kwashe kuma an sami ciwon a guda ɗaya, wadda hoto ya nuna. Saboda waɗannan biyun aka ce sai an yi gashi, wato a riƙa haska wurin da wani haske mai ƙarfi na inji don a kashe ragowar ƙwayoyin ciwon, kuma ana so a fara cikin kamar mako shida da yin aiki. Likita ya gaya mini gaskiyar abin da gashi ke yi: yana rage yiwuwar ciwon ya dawo a baki ko wuya, amma ba a tabbatar yana hana shi ɓulla a huhu ko hanta ba. Na ji daɗin da bai yi mini alkawarin da ba nasa ba.

Injin gashi ba kowane asibiti ke da shi ba, sai da muka bar jiharmu muka sauka gidan wani ɗan uwa. Kafin a fara aka cire mini wani ruɓaɓɓen haƙori, domin ƙashin da aka gasa ba ya warkewa da kyau in an cire haƙori daga baya. Aka jiƙa wata roba mai raga a ruwan zafi aka shimfiɗa mini a fuska har ta sandare, da ita ake ɗaure kai a gado kullum don kada a motsa. Zuwa 30 na yi, Litinin zuwa Juma'a, mako shida. Shi kansa gashin ba a jin komai, mintoci kaɗan ne. Daga mako na uku ne baki ya sale, yawu ya ƙafe, abinci duk ya koma kamar toka, gemun hagu ya zube, fatar wuya ta yi baƙi ta saɓule. A gaskiya wannan ya fi tiyatar wahala. Na rame har wandona ba ya zama. Muƙamuƙi kuma ya fara ƙagewa, sai aka ba ni 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, in jera su in cusa tsakanin haƙora, kullum in yi ƙoƙarin ƙara ɗaya. Na fara da tara. Azumin shekarar ban yi shi ba, bakin da babu yawu ba ya jure wuni, sai daga baya na rama a hankali lokacin sanyi.

An yi mini maganar wasu allurai na zamani masu tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, irin su pembrolizumab da nivolumab. Likita ya ce sun canza labarin melanoma na fata ƙwarai, amma na cikin baki da hanci bai cika jin su kamar na fata ba, ga tsada wadda ta fi ƙarfin malamin makaranta nesa ba kusa ba. Muka bar su a matsayin abin da za a duba in ciwon ya dawo.

Wata shida bayan gashi, da ramin ya gama tsukewa ya zauna, aka yi mini murfi na dindindin mai haƙora biyar a jiki da ƙugiyoyin ƙarfe da ke kama na dama. Da shi na koma aji. "K" da "g" sun fi ba ni wuya in na gaji, kuma dole in riƙe gorar ruwa ina kurɓa. Tuwo da miyar kuka ina ci, nama sai an daka. Goro na bar shi, ba don an hana ni ba, sai don ba ya tauno.

Yanzu shekara biyu ke nan saura kaɗan. Duk wata uku ina komawa asibiti, a cire murfi, a haska, a zura 'yar kyamara ta hanci, a lalubi wuya, lokaci-lokaci a yi hoton ƙirji. Kowane zuwa gabana yana faɗuwa tun daga tasha, kuma ba na jin wannan zai daina. Hoto na gaba bayan Babbar Salla ne.

Tsakanin zuwa da zuwa kuma akwai dubawar gida. Kowace Juma'a da daddare in na cire murfin na wanke shi da buroshi na sa a kofin ruwa, sai in zauna bakin gado in ɗaga kai. Uwargida ta sa tabarau, ta kunna fitilar waya. Ta san kowane lungu na wurin nan fiye da ni: inda yake ja, inda ya yi fari saboda gashi, da ɗan duhun dasashin dama wanda likita ya ce na haihuwa ne. Takan fara daga gaba ta bi gefe har can baya wajen hanɗa, inda aka ce tazara ta yi ƙaranci, ta daɗe a nan. Ni kuwa ba na iya magana a lokacin, sai in zuba wa fuskarta ido. Daren jiya ma ta duba. Ta kashe fitilar ta ce, "Babu komai, Malam. Rufe bakinka ka kwanta."